Hannun Dakta

Ranar da Farfesa ya shigo mini ɗakin atisaye da kwat da takalmi mai sheƙi, na ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ya dinga tsallake fayafayan ƙarfe kamar mai tsallake kwata, ya tsaya a gabana ya ce, "Kai ne mai lalata mini hannun ɗaliba?"

Na ce, "Haba malam, ko sallama babu?"

Ɗalibar da yake nufi 'yar ƙanwata ce. A gida Kawu take ce mini, a nan kuwa Koci, don ni na koya mata ɗaga ƙarfe tun tana 'yar firit. Yanzu tana digiri na uku a fiziks, shi ya sa 'yan ɗakin ke kiranta Dakta tun ba ta samu ba. Ni abin da na sani, kullum da safe tana nan, ta shafa alli a tafin hannu, ta ɗaga abin da ƙarti biyu sai sun yi nishi kafin su gusar. Ga shi gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa ta matso.

Farfesa ya ce in zo in gani da idona. Na bi shi ɗakin bincikensu, ba don komai ba sai don kada ya ce tsoro na ji.

Kai, wannan ɗaki! Sai da aka sa na wanke hannu har gwiwa, aka lulluɓe mini takalmi da leda, aka ɗora mini baƙin tabarau. Wai ƙwayar alli ɗaya ta isa ta ɓata musu aiki. A ciki akwai wani ƙaton tebur na ƙarfe, an jera masa madubai ƙanana kamar maɓallin riga. Wani siririn koren haske yana tafe daga wannan madubi zuwa wancan, kuma dole a ƙarshe ya shige wani rami da bai kai kafar allura ba. Kowane madubi da ɗan notinsa a baya, da shi ake juya shi.

Dakta tana sunkuye a kan tebur, ta kama noti da yatsu biyu, hannun yana rawa.

Nan take na gane. Duk wanda ya ɗaga ƙarfe na gaske ya san rawar nan. Bayan nauyi mai yawa ko kofin shayi ka ɗauka sai ya zuba maka a riga, kuma ba ta sakinka sai ka kwana.

Farfesa ya ce na'urar nan ta sashensu ce gaba ɗaya, layi ake bi. Lokacin da aka ba Dakta da rana ne, kuma zai ƙare ranar gasarmu. In ba ta kammala awonta ba, sai baɗi, wa'adin karatunta kuwa ba zai kai baɗi ba. Ni ma na ce masa da safe kawai ake ba mu ɗakin atisaye, da rana na 'yan ƙwallon kwando ne.

Ya ce, "To ta ajiye ƙarfen bana."

Na ce, "Ta dai ajiye madubin. Shi madubi tsufa yake yi? Gwiwar yarinya ba za ta jira ka ba."

Muka kaure da gardama, tsofai biyu cikin baƙin tabarau. Sai Dakta ta ɗago ta ce, "Don Allah Farfesa, don Allah Koci, hannun nan na wane ne a cikinku?"

Muka dubi juna.

Ta ce, "Ba abin da zan ajiye. Ku ɗan matsa, kuna girgiza mini tebur."

Ta buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ta ja iska ta cika ciki, ta riƙe, ta manne gwiwar hannu da haƙarƙari. Cikin wannan ɗan riƙon numfashi rawar ta lafa, ta murɗa notin kaɗan, sannan ta saki iska. Wannan tsayuwar ni na koya mata a gaban sandar ƙarfe, ita kuma ta kawo ta nan ba wanda ya sa ta. Farfesa ya ce aikin da wasu ke yi kafin shayi ya huce, ita sai ta ci rabin yini a kansa, amma ba ta taɓa barin madubi a karkace ba. Ya faɗi haka yana ɓata rai, ni kuwa na ji alfaharin da ke cikin muryarsa.

Haka ta yi ta yi har ranar gasa, saura awo ɗaya ya rage mata.

Gasar ba ta zo da sauƙi ba. Wata doguwar yarinya ta matsa mata lamba, dole a ɗagawar ƙarshe na sa aka ƙara mata nauyin da ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ɗauko shi zuwa kafaɗa, ta cilla sama, sandar tana lanƙwasa. Na daka tsawa, "Riƙe!" Ta riƙe. Alƙalai suka ba ta. Ana ta ihu ana rungumarta, ita ko ta nufo ni ta ce, "Koci, ina makullin mota?"

Ni na tuƙa, don ko makullin ta kasa sakawa.

A ɗakin madubai ta yi tsayuwarta, ta ja iska, ta kama noti. Ina! Ɗigon hasken ya yi sama, ya yi gefe, ya wuce ramin. Ta sake, ya sake wucewa. Ta yarfa hannun, ta matse shi a hammata, ta sake gwadawa. Ban taɓa ganin hannunta yana irin wannan rawar ba, kuma ni na sa aka ƙara nauyin. Farfesa ya dubi agogon bango ya kau da kai. Shi doka ta hana shi taɓa mata noti, awon nata ne.

Sai na ji ta ce a hankali, "Kawu."

Tun da ta fara ɗaga ƙarfe ba ta taɓa kirana haka a wajen aiki ba.

Na matsa kusa. Na tallafe hannunta daga ƙasa da tafukana biyu, yadda nake tallafe shi tana ƙarama in sanda ta rinjaye ta. Na ce, "Cika ciki." Ta cika. Ta murɗa. Ɗigon ya gangaro, ya tsaya a bakin ramin, ya shige. Wani layi ya miƙe a fuskar kwamfuta.

"Riƙe!" in ji Farfesa da ƙarfi, mutumin da ya gargaɗe ni kada in yi ko tari a ɗakin nan.

Ta zare yatsunta daga notin a hankali. Layin bai faɗi ba. Ta jima tana kallonsa, hawaye na bin ƙasan tabarau, sannan ta ce, "Kawu, saki mana, ya shiga."

Na saki. Farfesa ya turo mini kujera, ya miƙo mini ruwa a kofi. Na karɓa da hannu biyu, duk da haka sai da rabinsa ya zube mini a riga.