Ƙamus a Gindin Taɓarya

Kwana uku ana marka, rumbun Kaltume ya fara karkata kamar tsohon da barci ya sace a zaune. Dami shida na gero suka rage a ciki, kuma su ne za su ciyar da gidan har kaka. Shekarar da ta biyo bayan fari ce, ko a kasuwar Tsanyawa sai mai sa'a ke ganin hatsi.

Tun da safe ta ce wa ɗanta Tasi'u ya tokare shi. Shi kuwa malamin Turanci ne a firamare, gobe sufeto zai zo duba aikinsa, yana zaure ya duƙufa a kan ƙamus.

"Inna, ai na tokare tun ɗazu," in ji shi da ta sake leƙowa. "Kin ma san Turawa kalma uku gare su a nan? Ta abin da ya tallafi kaya ta ƙasa daban, ta wanda ya tokare ta gefe daban, sannan..."

Ba ta tsaya jin ta ukun ba. Ta zagaya wajen rumbun, sai ga aikin malam: ɗanyen reshen zogale, an kafa shi cikin taɓo, babu komai a gindinsa. Zogale fa! Icen da ake karyawa da hannu ɗaya. Tuni ya lanƙwashe, gindinsa ya nutse, rumbun ya tsage har tana hango zangarniya.

Takaici ya turnuƙe ta. Shekara goma sha biyu tana noma ita kaɗai don ya zauna a aji, ga abin da aji ya dawo mata da shi.

Ta suri taɓarya. Ta duba dama da hagu, ba dutse, ba katako. Ta koma zaure ta fizge ƙamus ɗin daga cinyarsa.

"Inna, na makaranta ne! Sufeto..."

"Sufeton ne zai ci da kai har kaka? Tashi, ka ji ni!"

Ta dangwara littafin cikin taɓo, ta kafa taɓarya a kansa, ta sa kafaɗa. "Tura, don Allah, ba kallo na kira ka ba!"

Suka tura tare. Rumbun ya yi ƙara, ya zauna a kan taɓarya, ya tsaya.

Kaltume ta share ruwan da ke fuskarta tana haki. Taɓo ya riga ya haɗiye rabin littafin.

"To, Malam," ta ce, "wannan wacce ce a cikin ukun?"

Tasi'u ya dubi ƙamus ɗin a cikin taɓo. Bai kuma ɗauke kafaɗarsa daga jikin rumbun ba.