Jarrabawar da Na Ci wa Jikata

Ni kafinta ne. Asibiti ba wurin zuwana ba ne, amma a kan jikata mai shekara shida sai da na je sau uku.

Malamar ajinsu ce ta fara ƙorafi. Wai idan aka ce a ɗauko littafi, a buɗe shafi na tara, a ja layi, sai yarinyar ta zauna tana kallon bakin mutane. An duba kunnenta, ras yake. Shugaban makaranta ya ce ko a kawo takardar asibiti da ta faɗi abin da ke damunta, ko ta maimaita aji ƙawayenta su wuce.

Uwarta, 'yata ta uku, a kamfanin ɗinki take aiki, ba a barin su fita da rana. Ubanta kuwa direban babbar mota ne, sai a yi wata ba a gan shi ba. Sai abin ya faɗo kaina. Wata uku muka jira kafin layi ya zo kanmu.

Tun farko na ce musu ƙalau take. A shagona take yini bayan makaranta, 'Yar Ƙusa nake kiran ta. Idan inji na ruri ba mai jin wani, da hannu muke magana. Yatsa ɗaya guduma, biyu zarto, uku a kashe wuta. Duk ta haddace tun tana shekara huɗu.

A asibiti suka miƙo mini takarda shafi shida. Na ce na manta tabarau, magatakarda ya cike.

Mai gwajin ko sa'ar autata ba ta kai ba. Ta yi bayani cewa wasu yara kunnensu na ji, amma maganar kan tarwatse kafin ta zauna a kai, musamman cikin hayaniya. Na ce to.

'Yar Ƙusa ta ƙi shiga ɗakin sai da ni, aka ba ni kujera a bayan matar. Ta jera hotuna huɗu a tebur, ta kunna lasifika. Murya na faɗar kalma cikin surutu irin na tasha, yarinya za ta nuna hoton. Ni tar nake ji, a cikin ƙara kunnena ya tsufa. Ita kuwa ta kalli hotunan, ta kalle ni, ta rasa wanda za ta nuna. Na ɗora yatsu biyu a gwiwata. Ta nuna na biyu. Haka muka yi har ƙarshe.

Takarda ta fito, ba abin da ke damunta. Shugaban makaranta ya karanta ya ce ashe taurin kai ne, za ta maimaita.

Muna cin abinci yarinyar ta tona. Ta gaya wa uwarta, tana murna, cewa ita da Kaka suka ci jarrabawa.

'Yata ta ajiye cokali. "Baba, me ka yi?"

Na ce ba zan zauna ina kallo a kunyata jinina a gaban baƙuwa ba.

"To gobe sai ka ɗauki kujerarka ka bi ta aji, ka zauna mata da yatsunka har ta gama makaranta."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na tashi na bar abincin.

Washegari na koma asibitin. Magatakarda ya ce sabon layi sai bayan wata huɗu. Makaranta kuwa mako biyu ya rage ta yanke hukuncin ƙarshe. Na ce zan jira mai gwajin. Ya ce ba a ganin ta haka nan. Na ce benci dai ba na ubansa ba ne, na zauna. Awa uku na yi a kan bencin da ƙafarsa ɗaya ta fi saura gajarta. Ko wa ya haɗa shi, Allah ya shirye shi.

Da ta fito, a tsaye na gaya mata abin da na yi, mutane na ji. Sai ta ce:

"Baba, ka san hotuna arba'in ka cinye ba kuskure?"

Na ce ban zo wasa ba.

Ta ce za ta ba mu lokacin hutunta ranar Alhamis, amma ni a waje zan tsaya, ko tagar ba zan leƙa ba.

Ranar, sai da aka ɓamɓare hannun yarinyar daga rigata. Minti hamsin ta yi, ta fito da hawaye, ta yi kuskure a fiye da rabin hotunan. Wannan karon takardar ta faɗi matsalar. Ta ce a zaunar da ita a gaba, nesa da taga, a riƙa ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma ta riƙa zuwa horo duk mako. Shugaban ya sa hannu, ta wuce da ajinsu.

Kwana biyu 'Yar Ƙusa ba ta yi mini magana ba. A na uku ta aiko uwarta ta gaya mini aurenmu ya mutu, in nemi wata. Na ce a gaya mata Alhamis ƙarfe goma ne horon, ta shirya da wuri.