Ƙafar Hagun Mai Gyaran Rediyo

Tela na tallafe da kafaɗun maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, matar gidan na jan zanin gado, sai idonsa ya sauka kan dugadugan maras lafiyan. Idon mai awo ba ya ƙarya. Ƙafafun nan biyu tsawonsu ɗaya.

Shekara talatin yana ɗinka wa mutumin nan wando, kullum yana rage ƙafar hagu da yatsa uku, bai taɓa ɗora tef ba. Me za a auna? Duk layin an san mai gyaran rediyo da Ɗingishi, tun ranar da ya faɗo daga katanga suna yara. Tela ne ma ya raɗa sunan, har yana taƙama da yadda ya bi shi.

Matar ta ga inda yake kallo. Ƙasa-ƙasa ta gaya masa likita ya daɗe da cewa ƙashin ya warke sarai. A cikin ɗaki, in maigidan ya manta da kansa, tafiyarsa lafiya lau. Sai ya taka bakin ƙofa ƙafar ke tunawa.

"Sau ɗaya na gwada," in ji maras lafiyan, idonsa a rufe. "Wata uku ina koyo a tsakar gida. Na fito a miƙe, na bi ta gaban shagonka."

Tela ya tuna. Ya tuna ya tsayar da keken ɗinki, ya tafa hannu, ya tambayi masu zaman bencinsa yau kuma wa ake kwaikwayo. Mutumin ya taya su dariya, kafin ya sha kwana ya koma ɗingishinsa.

"Wasa nake yi, maƙwabci," in ji Tela yanzu.

"Na sani. Ni ma da na ji ku, sai na ji kamar ƙafar aro ce na sa."

Kunya ta lulluɓe Tela. Bakin nan da bai taɓa rasa abin faɗi ba ya kasa furta "ka yafe ni". Ya ce zai dawo gobe. Washegari yana shago yana ta tsara yadda zai fara, ya ji kuka ta bayan katanga.

A wajen zaman makoki, duk wanda ya zo sai ya ce Allah ya jiƙan Ɗingishi. Tela ya buɗe baki zai gyara musu, ya nemi sunan mutumin na gaskiya ya rasa. Ya sunkuyar da kai, yatsunsa na jan wani zare da ya fito a bakin tabarma.