Kifayen Shagon Alhaji Haliru

Ranar da kwamfutar shagon Alhaji Haliru ta mutu, 'yarsa Sakinatu tana wurin aikinta a unguwar Avédji, inda take gyaran kwamfutoci da wayoyi. Ya kira ta ya ce kifaye sun ɗauke. Ba ta tambaye shi waɗanne kifaye ba, domin duk wanda ya taɓa sayen darduma ko turare a wannan shago na Zongo ya san su.

Kwamfutar tsohuwa ce. Tun Sakinatu tana firamare wani ƙanin Alhaji ya kawo ta daga Ankara don a riƙa harkar shago da ita, ba a kuwa taɓa yi ba. Abin da aka gano kawai shi ne, in an kunna ta aka ƙyale ta, sai fuskarta ta cika da ruwa shuɗi, kifaye su yi ta kai da komo tsakanin ciyayi da duwatsu. Da an taɓa ɓeran nan nata na roba sai su ɓace. Saboda haka Alhaji ya tura ɓeran bayan kwalaben turare, inda hannu ba ya kaiwa.

Masu kallo na kullum su biyu ne: Baba Boubacar, Bazabarme, tsohon direban babbar mota, da Malam Sagiru, wanda ciwon gwiwa ya raba da fawa. Da an sauko daga la'asar sai su zauna a benci su fuskanci kifayen har magariba. Ba su cika magana ba.

Sakinatu ta hau zemijan, wato babur na haya, ta zo, ta buɗe cikin kwamfutar, ta ce wa mahaifinta wannan kam ta tafi. Bayan kwana biyu ta kawo sabuwa, mai allo siriri kamar faifai, wadda ta zaɓa da kanta. Ta nemo sababbin kifaye a intanet ta saka, masu kyan gaske, har da hasken rana yana ratsa ruwan. Ta koma gefe tana jiran a yaba.

Dattawan suka kalla na ɗan lokaci.

"Waɗannan na teku ne," in ji Baba Boubacar.

"Baba, ai kifi duk kifi ne."

"Teku ga shi can bayan kasuwar Assigamé, 'yata. Da shi muke so da mun je."

Alhaji ya dube ta irin kallon da yake yi mata tun tana yarinya in ta zubar da miya a gaban baƙi. Ta ɗauki tsohuwar kwamfutar ta tafi da ita.

A wurin aiki ta ciro faifan ajiyarta, ta lallaɓa shi har ya buɗe, ta tono ɗan fayil ɗin kifayen, abin da abokan aikinta ke kira écran de veille. Da ta saka shi a sabuwar, sai ta ƙi karɓa, ta ce ya tsufa. Sakinatu ta shiga saituna ta yi mata dabara, ta sa ta ɗauki kanta a matsayin kwamfutar da, sannan ta karɓa. Ruwan shuɗin ya dawo, da ciyayin da duwatsun. Amma kifayen gudu suke yi daga bango zuwa bango, ido ba ya iya bin ko ɗaya.

"Wa ke korarsu?" Malam Sagiru ya tambaya.

Ta yi musu bayani cewa wanda ya tsara kifayen ya sa su yi iyo ne daidai ƙarfin na'ura, ita kuwa wannan ta ninka waccan ƙarfi nesa ba kusa ba.

"To a rage mata ƙarfi," in ji Alhaji.

Sakinatu ta ji abin har cikin ranta, domin saboda ƙarfin ta zaɓe ta. Amma ta ce to, Baba. Ranar Lahadi, maimakon ta je sunan ɗan ƙawarta Radiyya, ta wuni a shagon tana gina wata ƙaramar tsohuwar kwamfuta a cikin cikin sabuwar, mai nawa da jan ƙafa irin na waccan. A nan ta zuba kifayen. Suka fito a natse, kowanne yana bin hanyarsa yana kaɗa wutsiya.

Bayan la'asar dattawan suka zo suka zauna. Malam Sagiru ya gyaɗa kai. Alhaji ya aika a kawo shayi. Sakinatu ta fara haɗa kayan aikinta a jaka.

"Hajiya ba ta canza zane ba," in ji Baba Boubacar.

Sai a ranar Sakinatu ta san kifayen suna da suna. Hajiya wata babba ce, ruwan ɗorawa, ita kaɗai ke hawa can sama. In ta kai kusurwar dama, in ji dattawan, sai ta koma ruwan hoda mai duhu, ta juyo ta sake komawa yadda take. Yanzu kuwa ta je ta dawo da zane ɗaya.

Sakinatu ta bincike saitunan kifayen kaf. Akwai wurin ƙara yawansu, akwai na kumfa, akwai na ƙarar ruwa, babu na canza launi. Ta ce musu babu. Su ukun suka ce akwai, ba tare da ɗaga murya ba, kuma babu wanda ya ɗauke ido daga allon.

Ta shiga ɗakin ajiya na baya, ta jawo tsohon allon, mai ƙaton ƙeya da nauyin buhun shinkafa, ta kunna shi. A kusurwar dama ta sama akwai tabo mai launin hoda. Nan ne Alhaji ya yi shekara da shekaru yana jingina rediyonsa, maganaɗisun lasifikar ya ɓata wurin. Ta fito ta gaya musu gaskiya: kifin bai taɓa canza komai ba, allon ne ya lalace.

Suka saurare ta har ta gama.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Baba Boubacar. "To a dawo da shi."

Bakin wayar tsohon allon bai shiga sabuwar kwamfutar ba, sai da ta je Assigamé washegari ta zaga rumfuna kafin ta samo mahaɗin da ya dace. Ta haɗa, ta kunna, ta tsaya. Hajiya ta haura sama a hankali, ta shiga kusurwa, ta koma ruwan hoda, ta juyo. Malam Sagiru ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan benci. Alhaji ya ce ta gaida mijinta.

Ta naɗe sabon allon da tsohuwar darduma, ta tare zemijan a bakin masallaci, ta ɗora shi a cinya. Mai babur ɗin, da ya ga jakar kayan aikinta, ya tambaye ta ko gyara za ta kai shi.

"A'a, lafiyarsa lau," ta ce. "Mu je Avédji, ka bi a hankali wajen ramukan nan."