Ƙeyar Auta

Sana'ata zanen allunan shagunan aski. Kawuna nake zanawa, wani ya juya gefe, wani ya ba da baya, don mai shiga ya nuna irin askin da yake so. Duk kawunan nan na mutum ɗaya ne, ƙanena Auta. Shi nake zaunarwa a kan bokitin fenti in ce ya juya.

"Yaya, wai fuskata ce ba ta yi maka ba?" yakan ce. "Kowa a garin nan ya san ƙeyata, ni ba wanda ya san ni."

"Ana yi wa hanci aski ne? Zauna daidai."

Wata rana mota ta kwashe shi a kan babur, ya rasu. Ta niƙe har wayarsa, hotunansa kuwa duk suna ciki. Tawa ba ta ɗaukar hoto.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, Umma ta zo shagona. Ba ta saba zuwa ba, warin fenti yana sa ta tari. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Fuskarsa ta fara ɓace mini," ta ce. "In na rufe ido, rigarsa kawai nake gani. Zana mini shi yana kallona."

Na ce to.

Na goge katako, na shafa masa fari. Na sa da'irar fuska, kunnuwa suka zo da kansu. Da na kai ga idanu sai hannuna ya tsaya. Na zana wasu, suka fito na baƙo. Na shafe, na sake, wani baƙon ne. Haka nake ta yi har fentin ya yi kauri ya fara ɓarewa. Shekara da shekaru yana zaune a gabana, ban taɓa zagayawa na dube shi da idon aiki ba.

Mai askin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo. "Mai fenti, sa mata kowace fuska mana, ka ɗan faɗaɗa goshin. Tsohuwa ba ta gani sosai."

"Ita ta haife shi," na ce.

Daga ƙarshe na ɗauko sabon katako na zana abin da hannuna ya sani. Kwarmin wuyansa, inda gashi ke murɗewa a tsakar kai, da tabon bayan kunne da ya samu yana rarrafe. Da ya bushe na kai mata ɗaki.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan tabon.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Tafiya yake yi."

Sai ta juya katakon. Ba komai a bayan sai tsagin itace da ƙusa guda. Ta tsura masa ido, ni kuma ina tsaye da fenti a farce.