Ɓarawon Soson Ƙarfe

Tun da mijina Clarrie ya bar aikin haƙar ma'adinai a Broken Hill, soson ƙarfena bai sake kwana a kicin ba. Sai ya faki idona ya kai ɗakin duhun da yake wanke hotuna, ya tsoma a bokitin tsohon ruwan wanki. Wai soson yana janyo azurfar da ta wanku daga jikin fim ɗin hotuna ta narke a ciki.

"Kai tsoho, da me zan kankare tukunya? Da farce?"

"Yi haƙuri, Glenys, arziki na tafe."

Shekara da shekaru yana tara baƙin taɓon da ke kwantawa a gindin bokitin. Ranar da abokinsa ya narkar masa da shi, ya shigo yana washe baki, ya ɗora mini ɗan dunƙulen azurfa da bai fi ƙwayar gyaɗa ba a tafin hannu.

Na yi dariya har da hawaye. "Arzikin ke nan?"

Ya ce, "Duk inda hoto ya fito fari, daga nan azurfar ta wanku. Ni kuwa wa nake ɗauka in ba ke ba? Rabinta furfurarki ce."

Na ce Allah ya shirye shi. Amma da na je kanti, soso biyu na sayo.