Wanda Ya Biya wa Pan Ignacy

Ranar Talata ce a farkon Nuwamba, ruwa mai haɗe da ƙanƙara yana sauka tun safe. Pani Wiesia ta ofishin jin daɗin jama'a tana zaune a kicin ɗin Pan Ignacy (Pan da Pani su ne Malam da Malama a wurinmu), ko kwat ba ta cire ba saboda murhun bai kama ba. Ta baje takardu tsakanin burodi da kwalaben magani. Ni ina tsugune ina hura wuta.

"Sake faɗa mini," in ji tsohon. "A hankali, wannan kunnen ya riga ni mutuwa."

"Gidan tsofaffi zai ɗauki kashi saba'in cikin ɗari na fanshonka. Abin da ya rage, sai mu duba samun zuriya. Wanda samunsa ya haura mizanin da doka ta sa shi zai biya. In babu, ƙaramar hukuma ta cike."

"Kowane wata?"

"Kowane wata, muddin kana raye."

Ya juyo ya dube ni, haƙoransa huɗu duk a waje. Tun da ya zame a bakin rijiya ƙugunsa ya karye ban ga dariyarsa ba sai ranar.

Ni na kawo masa wannan dabara, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Radek, shinge ɗaya ya raba gidanmu da nasa. Na bar makaranta ina da shekara goma sha shida, na yi tsinkar tumatir a Holan, na yi wankin mota a birnin Lublin, ko'ina na je wata uku sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A lokacin ina gida ba aiki, ina faskara masa itace ina sauraron zagin da yake yi wa ɗansa Waldek.

Zagin yana da tushe. A zamaninsa ba a ba manomi fansho sai ya sauka daga gona ya miƙa wa magaji. Pan Ignacy ya sa hannu, gona da gida suka koma sunan Waldek. Kafin shekara biyu Waldek ya sayar da gonar, ya sayi manyan motoci uku, ya koma birni. Shekara tara bai taka ƙofar ubansa ba, ko a Kirsimeti. Da na ji a wurin shan giya cewa hukuma tana tilasta wa 'ya'ya biyan kuɗin gidan tsofaffi, da gudu na kawo labarin.

Pani Wiesia ta turo mini takardar saboda hannun tsohon ba ya iya riƙe biro. "Rubuta sunayen 'ya'ya da jikoki, da inda suke aiki."

Na rubuta Waldek, da adireshin gidansa mai bene, har na ƙara lambobin motocin a gefe ba a tambaye ni ba.

"Saura jikoki."

"Jagoda," in ji tsohon, muryarsa ta sauka. "Rubuta da manyan baƙaƙe, kai jaki. Ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti. Su sani gidan nan ya haifi mutum ɗaya."

Jagoda 'yar Waldek ce, wadda ya bar wa uwarta tana shekara shida. Ita kaɗai ke hawo bas duk bayan mako biyu ta yi wa kakanta aski, ta wanke zannuwan gado. Na rubuta sunanta, da sunan asibitin, da sashen da take aiki. Pani Wiesia ta ɗago kai kamar za ta yi magana, sai wayarta ta yi ƙara.

Ran ɗaya ga Disamba aka kai shi. Ɗaki ne na mutum uku, ɗaya yana kiran matarsa da ta mutu, ɗaya ba ya magana ko kaɗan. Wurin yana warin dafaffen kabeji da maganin wanke daɓe. Mutumin da bai taɓa kwana biyu a jere a wajen ƙauyenmu ba, ga shi ana kashe masa fitila ana ce masa ya yi barci. Bai yi ƙorafi ba. Duk Asabar na je sai in tarar ya cinye abincinsa ya haɗa da na maƙwabcin da ba ya magana.

"Na yi lissafi," in ji shi. "Duk safiyar da na buɗe ido, ɗan banzan nan ya yi asarar kuɗin mai na rabin tanki. Na gaya wa likita ya ba ni duk ƙwayar da ke tsawaita rai. Shekara ɗari nake so, Radek. Sai ya sayar da motocin ɗaya bayan ɗaya, har tayoyi."

"Pan Ignacy, ka fi ni lafiya."

"Kai ai ba ka da wanda kake ƙi, shi ya sa kake rama."

Na fi kowa jin daɗin abin. A rayuwata ban taɓa kawo shawarar da ta yi aiki ba sai wannan.

Wata Asabar a tsakiyar Fabrairu ina yanke masa farce sai ga Waldek ya shigo, da jakar lemo a hannu, yana ƙamshin turare. Ya ja kujera ya zauna kamar jiya ya fita.

"Baba, ka yi ƙiba."

"Da kuɗinka."

"Kuɗina?" Ya fara ɓare lemo. "A takarda ni direba ne a kamfanin ƙanin matata. Albashi mafi ƙanƙanta, ga yara biyu. Sun duba sun ce ban kai mizani ba. Har haƙuri suka ba ni."

Waldek ya ci gaba.

"Jagoda ce ta kai. Albashinta a fili yake, ga ƙarin awoyi, ba miji ba ɗa. Tana biyan kuɗi zuloti dubu ɗaya da ɗari tara duk wata. Ba ta gaya maka ba? Ta saki gidan hayarta, ta koma ɗaki ɗaya da wasu 'yan mata biyu." Ya ajiye lemon a kan bargo, ya goge yatsunsa. "Ci da kyau, Baba. Yarinyar tana ƙoƙari."

A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. "An ce kai ne lauyansa. Ka koma makaranta."

Almakashin yana hannuna. Har yau ina tunanin hakan.

Da ya fita Pan Ignacy ya ce, "Mayar da ni gida."

Na je na duba gidansa. An canja kwaɗo, an liƙa allon sayarwa a jikin shinge. Gidanmu ɗaki biyu ne, uwata tana aikin kaji daga safe zuwa yamma, ni kuma ban iya ɗaga shi zuwa bayan gida ni kaɗai ba. Ranar Litinin na tare Pani Wiesia a ofishinta.

"A cire sunanta. Ni na rubuta, ni zan goge."

"An riga an yanke, Radek. Tana iya neman sassauci, a zauna a duba. Wata uku, ko huɗu."

"Me ya hana ki faɗa ranar?"

"Na ce zuriya," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Ku ne ba ku ji komai ba sai sunan Waldek."

Daga wannan makon ya daina cin na maƙwabcinsa. Sannan ya daina cin nasa. Ba ya faɗa da kowa, sai ya ce ya ƙoshi, ya juya fuska bango. Jagoda ta zo da romon kaza a filas, idanunta sun faɗa saboda aiki.

"Kaka, cokali uku kawai."

"Ba na jin yunwa."

"Kuɗina ne. Ni na ga dama."

"Ba ki ga dama ba, takarda aka aiko miki."

"To na ga dama bayan takardar ta zo. Ka buɗe baki, tsoho mai taurin kai, ko in sa maka ta hanci. Na iya, aikina ne."

Ya yi murmushi, ya karɓi cokali ɗaya dominta. Da ta fita wanke filas ya kira ni da yatsa.

"Da kwana suke lissafi ko da wata?"

"Da kwana."

"To madalla." Ya rufe ido. "Kai kuma kada ka bar Waldek ya ci abincin mutuwata cikin kwanciyar hankali."

Ya rasu ranar Alhamis, sha ɗaya ga Afrilu, da rana tsaka, ana jin ƙarar tarakta a gonar da ke bayan ginin.

Waldek ne ya karɓi kuɗin jana'iza da hukuma ke bayarwa. Ya sayi akwati mafi arha da furanni mafi girma. Bayan maƙabarta aka taru cin abinci a zauren 'yan kwana-kwana kamar yadda aka saba, romo da nama da dankali, ya zauna a saman tebur kusa da limamin coci yana karɓar gaisuwa da hannu biyu.

Na bari sai da aka zuba barasa zagaye na farko. Na miƙe, na cire hulata, na juya ta.

"Jama'a, taimako ga Pan Waldek. Direba ne mai ƙaramin albashi, hukuma ta tabbatar. Ko kwana ɗaya bai iya biya wa ubansa ba, sai 'yarsa. Kowa ya sa abin da ya sawwaƙa."

Sai tsohuwa Pani Genia, wadda ta yi makaranta da marigayin, ta buɗe jakarta ta lalubo tsaba mafi ƙanƙanta ta jefa. Mai kanti ya jefa. Na bi tebur bayan tebur, ba wanda ya sa takarda, duk tsaba, wasu har suna zaɓen wadda ta fi tsatsa. Limamin ya duƙar da kai a kan faranti. Na zo gaban Waldek na zazzage hular a cikin romonsa.

Naushi ɗaya ya yi mini. Na faɗi a kan kujeru, bakina cike da jini, ina dariya. Ya ja matarsa suka fita, babu wanda ya raka su ƙofa. Na waiga in ga fuskar Jagoda. Ba ta dariya. Tana naɗe ragowar burodi a takarda don tafiya.

Washegari na raka ta gidan waya kafin bas ɗinta ya zo, saboda akwai sauran kwana goma sha ɗaya na Afrilu da ba a biya ba. Ta tsaya a layi da baƙar rigar jiya, ta ƙirga ɗari bakwai ta tura ta ƙarƙashin gilashi.

Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya ya yi a wurin. Ya rasa kilo goma sha huɗu. Jagoda ta rasa zuloti dubu takwas da ɗari uku, da gidan hayarta, da kakanta. Ni haƙori ɗaya. Waldek ya rasa kwanon romo.